Tambayoyin Masu Karatu: Tsohuwar Bindigar da Aka Tsinta a Kayan Gado

Tun bayan rubutun da muka yi a kan mazan jiyan da suka je Yaƙin Bama, wasiƙu suke ta zuwa mana daga sassan Jihar Kebbi, kuma da yawansu a kan abu guda suke magana, wato tsofaffin bindigogin da ake tsinta a cikin kayan mamata. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma sakaya sunayen masu su da gangan, domin magana ce da ta shafi doka da tsaron lafiyar gidajensu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Muna gyaran tsohon ɗakin kakanmu, wanda ya yi aikin soja har ya je Bama, sai muka iske wata doguwar bindiga naɗe cikin buhu a saman rufi. Katako ya rufe ta har kusa da bakinta, akwai farantin tagulla a gindinta, kuma a jikin ƙarfen da ke bayan kunama an buga hoton kambi, da haruffan G.R., da B.S.A. Co., da 1918, sannan da III da ɗan tauraro. Wasu daga cikin magada sun ce kayan tarihi ce mai tsadar gaske, a kimanta ta a saka cikin rabon gado. Wace irin bindiga ce, yaya ake gane lafiyarta, kuma nawa za ta yi? Daga wani mai karatu a Zuru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kakanku, Ya kuma saka maka da alheri da ka kwafo rubutun da ke jikin ƙarfen yadda yake, domin shi ne ya sauƙaƙa mini amsa.

Bindigar da ke hannunku ita ce Lee-Enfield, samfurin da sojojin Ingila suka fara riƙewa a 1907, wanda daga 1926 aka koma kiransa Lamba 1. Haruffan G.R. na nufin Sarki Joji, kuma tunda shekarar 1918 ce, Joji na Biyar ke nan, wanda ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936. B.S.A. kamfanin ƙera makamai ne na birnin Bamingam. Ɗan tauraron nan kuma alama ce ta samfurin da aka rage wa wasu sassa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya domin a riƙa ƙera ta da sauri. Tsawonta ya ɗara mita ɗaya kaɗan, nauyinta wajen kilo huɗu, gidan harsashinta na cin harsashi goma masu kaurin inci .303. Ita da ƙanwarta Lamba 4, wadda aka karɓa a hukumance a 1941, su ne bindigogin sojan ƙasa na daular Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen wuraren da iyayenmu suka zubar da jini a can har yau suna nan a jikin barikokinmu, kamar barikin Dalet a Kaduna, kuma ƙasar Zuru ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi, domin ta daɗe da yin suna wajen bayar da sojoji.

Sai dai kafin mu je ga kimantawa, dole in gaya maka abin da ya fi kome muhimmanci. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigogin ɗuri irin namu na gargajiya, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake ba da lasisinsu. Akwai na farauta da makamantansu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar. Sannan akwai haramtattu, waɗanda ba mai ikon ba da izinin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa, kuma a jerin waɗannan dokar ta ambaci bindigogin soja masu awon .303 ƙarara. Hukuncin riƙe irinta ba tare da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Tsufanta ko tsatsarta bai fitar da ita daga jerin ba, haka ma kasancewarta gado. Ko wanda ya rasu yana da lasisi na halal, kwana 14 kawai doka ta ba magada su riƙe bindigarsa bayan rasuwarsa. Saboda haka a cikin ƙasar nan babu kasuwar halal da za a kai wannan bindigar, kuma abin da ba ya sayuwa ta halal ban ga yadda za a yanka masa farashi a cikin rabon gado ba. Ku faɗa wa alƙali ko malamin da zai raba muku gadon wannan bayani tun kafin a zauna.

Duk da haka tambayarka ta cancanci cikakkiyar amsa, domin sanin yadda masana suke duba irin wannan kaya zai nuna muku abin da ya kamata ku rubuta ku adana kafin ta bar hannunku.

Abu na farko da masani yake nema shi ne ko sassanta 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowace bindiga tana fitowa daga masana'anta da lambarta, kuma a wannan samfurin ana buga lambar a jikin uwar ƙarfen, da hannun sakatar da ke tura harsashi, da gindin bututu, da ƙarfen da ya rufe hancinta, da ƙarƙashin saiti. Idan lambobin nan duka suka zo ɗaya, to bindigar tana nan yadda aka haɗa ta. Idan suka saɓa, an yi mata aron sassa, kuma hakan ya zama ruwan dare ga bindigar da ta shekara da shekaru tana yawo daga wannan ma'ajiyar makamai zuwa waccan. Saɓanin lambar sakata da ta uwar ƙarfe shi ne mafi muni, domin ba daraja kaɗai yake ragewa ba: a masana'anta ana daidaita kowace sakata da bindigarta, wadda aka aro kuwa tana iya barin tazarar da za ta sa kwanson harsashi ya fashe a fuskar mai harbi.

Daga nan sai sauran tambarin. Alamar kan kibiya mai ƙafa uku tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Haruffan FTR suna nuna an taɓa mayar da ita masana'anta an yi mata gyara na gaba ɗaya, kuma sau da yawa akan buga shekarar gyaran a kusa. Haruffan DP kuwa suna nufin hukumar soja da kanta ta yanke cewa ba ta harbuwa, sai dai a yi fareti da ita. A wasu akwai ɗan kewayayyen faifan tagulla a jikin katakon gindi, inda akan buga sunan rundunar da aka ba wa bindigar, kuma idan taku tana da shi da rubutu a kai, to wannan ɗan faifan ya fi sauran jikinta ba da labari.

Sai cikin bututu, wanda shi ne ran bindiga a wurin masu tarawa. A cikinsa akwai tsagogi biyar da suka murɗe tun daga gindi har baki, su ne suke juya harsashi ya tafi a saiti. Harsasan wancan zamani suna barin wani gishiri a cikin bututun bayan harbi, gishirin kuwa yana jawo laima, shi ya sa ake koya wa soja ya kwarara tafasasshen ruwa a ciki sannan ya shafe da mai. Bindigar da aka harba aka ajiye ba a wanke ba, ko da a ƙasa mai sanyi ne, cikinta yakan yi baƙi ya ɓurme, balle wadda ta sha damina fiye da hamsin a rufin ɗaki cikin buhu, wanda shi kansa laima yake riƙewa. Amma wannan dubawa ba aikinku ba ne. Ma'aikacin ma'ajiyar makamai ne yake yin ta, bayan ya tabbatar babu harsashi a ciki. Kada kowa a gidanku ya leƙa bakinta, kada a taɓa kunamarta, kada a ja sakatarta. Ku ɗauka da harsashi a ciki har sai wanda aikinsa ne ya ce babu.

Abin da za ku iya dubawa da ido shi ne fatar ƙarfen da katakon. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta kwanta lif kamar shuni a jikin tsohuwar riga, kuma masu tarawa ba sa ƙin ta, har ma sukan ɗauke ta shaidar shekaru. Akwai kuma mai ci, wadda take huda ƙarfe ta bar ramuka, kuma ta fi ɓuya a ƙarƙashin katako inda ido ba ya kaiwa. Katakon kuma a duba ko gara ta shige shi, ko iskar hunturu ta tsaga shi, musamman a wuyansa da bayan uwar ƙarfen. Katakon da ya yi duhu da tsohon mai, yana ɗauke da tabon aiki da ƙananan hatiman masu duba kaya, ya fi wanda aka kankare aka shafa wa fenti daraja nesa ba kusa ba. Haka nan wadda aka rage wa katako ko aka yanke wa bututu don a mayar da ita ta farauta, darajarta ta tarihi ta zube.

To, nawa take yi a inda ake sayar da irinta? A nan ne nake jin 'yan'uwanka za su ji ba daɗi. An ƙera Lee-Enfield fiye da miliyan goma sha shida, a Ingila da Indiya da Ostareliya da Kanada da Amurka, kuma bayan yaƙi gwamnatoci suka yi ta zubar da rarar da suke da ita da araha. Abin da yake da yawa haka ba ya tsada don tsufansa kawai. A Amurka, inda doka ta yarda a tara irin waɗannan, ta yau da kullum mai lafiya 'yan ɗaruruwan daloli take yi, mai tsatsa da saɓanin lambobi kuwa ƙasa da haka ƙwarai. Waɗanda suke haura dubbai su ne ƙalilan na musamman, kamar Lamba 4 ta gwanayen harbi daga nesa idan tana tare da madubinta na asali, ko wadda aka tabbatar da tarihinta da takardu. Kuma ko da taku tana cikin waɗannan, babu hanyar halal da mutum zai fitar da ita daga Nijeriya ya kai ta can.

Akwai wani abu kuma da nake so ku ɗauka da sanyin zuciya. A ƙa'idar aikin soja, wanda aka sallama yana mayar da bindigarsa ma'ajiya kafin ya kama hanyar gida. Irin wannan bindigar ta ci gaba da zama a hannun sojoji da 'yan sandan ƙasar nan shekaru da yawa bayan 1945, har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma tsofaffin ma'aikata suna tuna danginta da sunan Mak-fo. Samun ta a ɗakin kakanku bai tabbatar da cewa ita ce ya riƙe a Bama ba. Ban faɗi haka don in rage masa girma ba, domin hidimarsa tana nan ko da bindiga ko babu. Na faɗa ne domin masu tarihi ba sa karɓar labarin baka shi kaɗai, sai an haɗa da lamba da takarda.

Ga shawarata. Ku bar ta inda take, ku kulle ɗakin, ku hana yara shiga. Ku ɗauki hoton dukkan rubutun da yake fili a jikinta ba tare da kun kwance kome ba, ku kuma kwafe lambobin a takarda, amma kada hoton ya hau Facebook ko WhatsApp. Kada wani ya goya ta a babur ya nufi caji ofis, domin wanda aka tsayar a shingen bincike da bindigar soja cikin buhu ba zai sami wanda zai saurari labarin kakansa ba. Babban gidan ya tafi hannu sake, tare da mai unguwa ko wakilin uban ƙasa, in da hali da lauya, ya kai rubutacciyar sanarwa ga baturen 'yan sandan yankinku, ya bayyana yadda aka tsince ta, ya roƙi a zo a ɗauka. Idan an zo, ku nemi takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata da sunan jami'in da ya karɓa. Akwai kuma Cibiyar Ƙasa ta Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma karɓar irin waɗannan makamai yana cikin aikinta. A cikin takardarku kuna iya roƙon a duba yiwuwar kashe bindigar yadda ba za ta sake harbi ba, a ajiye ta a gidan tarihi da sunan kakanku, kamar yadda ake ajiye makamai a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuwahiya, wanda aka kafa a 1985. Hukuma ce za ta yanke, amma roƙon ba laifi ba ne.

TAMBAYA: Malam, a gidan surukaina akwai tsohuwar bindigar soja da wani gwangwani cike da harsasai da suka yi kore. Ƙanin maigidana ya ce zai goge ta da samfefa, ya jiƙa ta da baƙin mai, ya je bayan gari ya gwada ko tana tashi, domin wai wani mutum ya yi masa tayin kuɗi masu kauri idan tana harbi. Hankalina bai kwanta ba, ga yara a gidan. Me zan ce musu? Daga wata mai karatu a Birnin Yawuri.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma ina roƙon ki karanta wa maigidanki wannan amsa tun yau.

Gogewa da samfefa ita ce garin gyaran gira a rasa ido. Tana share hatimai da lambobin da su kaɗai ne suke ba da tarihin bindigar, tana kuma cire fatar ƙarfen ta asali wadda ba ta dawowa. Ban da haka, bindigar da aka kankare wa lamba ta fi jawo wa mai ita zargi a gaban hukuma fiye da wadda aka bari yadda aka same ta.

Gwajin kuwa ganganci ne da rai. Ƙarfen da tsatsa ta ci daga ciki yana iya tsagewa a harbin farko. Bututun da ya daɗe a ajiye sau da yawa a toshe yake, ko da ƙasa, ko da tsumma, ko da gidan zanzaro, kuma harbi a toshasshen bututu fashewa yake yi a hannun mai riƙe da shi. Tsofaffin harsasai su ma ba su da amana. Koren da kika gani alama ce ta cewa laima ta ci tagullar. Wani ba zai tashi ba sam, wani sai ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke bindigar yana dubawa, wani kuma ƙarfinsa ba zai kai ya fitar da kan harsashin ba, sai ya maƙale a tsakiyar bututu ya jira na bayansa. Kada a jefa su a wuta, kada a zuba su a masai ko rijiya ko kogi, kada a ba yara su yi wasa da kwansonsu, kada kuma a kai wa masu sayen ƙarafa. A bar gwangwanin a rufe a wuri mai inuwa nesa da murhu, a sanar da 'yan sanda tare da bindigar ta hanyar da na bayyana a amsar da ta gabata.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai tayin. Ki lura da sharaɗinsa: sai idan tana harbi. Mai son tarihi lambobi da shekara yake tambaya, kuma bai damu ba ko an toshe bututun da dalma. Wanda ya ce sai tana tashi, aiki yake so ya yi da ita. Bindigar nan tsufanta bai rage mata kisa ba, domin harsashinta yana kashe mutum daga nisan ɗaruruwan mitoci. Ku da kuke Birnin Yawuri ba sai an ba ku labari ba, kun ga abin da ya faru a watan Yunin 2021 da aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya, kun kuma san halin da mutanen Danko-Wasagu da Sakaba suka daɗe a ciki. Duk bindigar da ta fita daga ɗaki ta hanyar ciniki a ɓoye, mai sayarwa ba ya da ikon sanin ƙirjin da za ta ƙare a kai, kuma lambarta tana iya dawo da bincike har ƙofar gidanku. Malaman fiƙihu tun da can sun hana sayar da makami a lokacin fitina, saboda mai sayarwa yana da kaso a cikin abin da aka aikata da shi. Ko da mai tayin ya ce shi ɗan sa-kai ne, kare gari yake so ya yi, amsar ba ta canjawa, domin dokar ba ta ba kowa ikon sayar masa da bindigar soja ba. Idan ƙanin maigidanki ya ƙi ji, a kai maganar gaban babban gidan, in ta ƙi a kai wa mai unguwa.

TAMBAYA: Gidanmu gidan 'yan bindigar sarki ne tun kaka da kakanni. Muna da wata doguwar bindigar toka da ake cewa ta girmi zuwan Turawa. Yaya zan gane ko ƙirar Turai ce ko ta maƙeranmu, kuma ita ma dole ne mu rabu da ita? Daga wani mai karatu a Argungu.

AMSA: Ranka ya daɗe, taku daban ce. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki tana cikin rukunin da Kwamishinan 'Yan Sanda yake ba da lasisi, saboda haka abin da ya kamace ku shi ne ku tabbatar tana da lasisi da sunan wanda yake riƙe da ita yanzu, ba da sunan wanda ya rasu ba.

Tana iya yiwuwa ƙwarai ta girmi zuwan Turawa. Da sojojin Turai suka koma bindigogin da ake ɗurawa ta gindi a tsakiyar ƙarni na 19, tsofaffin nasu da yawa Afirka aka kawo su, kuma masana'antun Bamingam da na Liyej a Beljiyam sun daɗe suna ƙera masu araha musamman don kasuwarmu. Wasu sun shigo ta bakin teku suka hau kogin Kwara, wasu suka keto Sahara daga Tarabulus. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara, wato masu tashi da ƙyastawar dutse, da albarushin kasuwa, shi ya sa irinsu suka yi yawa a hannun maharba da fadawa.

Ka duba gindin bututun, kusa da inda wuta take shiga. Ƙirar Turai takan ɗauki hatimin gwaji: na Liyej haruffan ELG ne a cikin ɗan da'ira mai siffar ƙwai, na Bamingam kuma sanduna biyu ne da aka gicciye da kambi a samansu. A farantin da kunama take kai akan sami kambi da kalmar TOWER, sai dai wannan ita kaɗai ba hujja ba ce cewa ta sojan Ingila ce, domin 'yan kasuwa sun yi ta buga ta a kan kayansu don su yi farin jini. Bututun Turai yakan yi kauri a gindi ya sirance zuwa baki, wanda aka yi da bututun ruwa kuwa kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma sau da yawa ana ganin layin haɗinsa. Mai ƙanƙara ta girmi mai hula, wato mai tashi da 'yar hular tagulla, a ƙira, amma da yawa an juya su daga wannan zuwa waccan daga baya.

Kada ka yi mamaki idan ka iske rabi da rabi ce, wato ƙarfen Turai a kan ƙotar da masassaƙin gida ya yi, da ɗaurin fata da zoben tagulla da layu. A ganina wannan ba naƙasu ba ne. A bindigar soja ana neman ta zauna yadda masana'anta ta fitar da ita, amma a bindigar fada gyare-gyaren nan su ne tarihin, domin kowane ɗauri hannun wani ne daga cikin kakanninku. Kada a cire su, kada a sake fata. Ku kuwa ga Gidan Tarihi na Kanta a cikin garinku, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, aka kuma mayar da ita gidan tarihi a 1958, inda aka ajiye makaman da za ka iya gwada taku da su. Ka fara kai musu hotuna. Idan ta tabbata tsohuwa ce haka, ina ba da shawarar a daina ɗura mata albarushi a hawan salla, a nemi wata don wannan aikin, domin tsohon ƙarfe yana gajiya, kuma an sha ganin bindigar toka ta fashe ta tafi da yatsun mai ita. A kula kuma, irin waɗannan akan ajiye su da ɗurinsu a ciki, kuma albarushi yana iya tashi bayan shekaru masu yawa.

TAMBAYA: Mu ba mu sami bindiga ba, sai wani ɗan littafi da ya yage, da mindodi huɗu, da hoton mahaifinmu cikin kaki. Suna da wani amfani? Daga wani mai karatu a Jega.

AMSA: Malam, abin da ke hannunku ya fi bindiga amfani ga mai neman tarihi, kuma babu dokar da ta hana ku riƙe shi. Ɗan littafin nan mai yiwuwa takardar sallama ce, wadda take ɗauke da lambarsa ta soja da rundunarsa da shekarun da ya yi yana aiki. Ka duba mindodin: idan akwai tauraro mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, to Tauraron Bama ne. Mindodin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu yawanci ba a buga sunan mai su a jiki ba, saboda haka takardar ce take haɗa su da mahaifinku, kuma raba su da ita asara ce. Kada a goge mindodin da toka ko lemon tsami, kada a wanke ƙyallayen, kada a liƙe littafin da salatif ko a kai shi a manne shi cikin leda da zafi. A ɗauki hoton kowane shafi, a raba wa 'yan'uwa, sannan a sa na asalin tsakanin fararen takardu a cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama da ƙasa saboda gara. Idan akwai sauran tsofaffin da suka ji labarin yaƙin daga bakinsa, a ɗauki muryarsu a waya tun suna raye, a rubuta sunan mai magana da ranar da aka ɗauka. Da lambar sojan da ke cikin littafin kuna iya tuntuɓar ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jiha a Birnin Kebbi, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.